Buzuwata da Jajayen Malam

Shekarar da muka bar cikin garin Rano muka koma gidan gona a bakin Saji, abin da ya fi ba ni wahala shi ne rashin nono. Ni mace ce mai son fura. Idan rana ta take ban sha ba, sai in riƙa jin kamar akwai wani aiki da na manta ban yi ba. Da na ga akwai ruga a bayan gonarmu na ce shi ke nan, na huta, kindirmo sai na ture. Da damina kuwa haka aka yi. Amma ana gama girbi, ciyawa ta bushe, sai samarin rugar suka kora shanun suka yi kudu da su, aka bar tsofaffi da mata da 'yan awaki. Nonon da ake yawo da shi a wannan lokaci yawancinsa madarar gari ce ake damawa a bar ta ta kwana ta yi tsami. Ba laifi, ana sha, amma harshena ya san bambanci.

A rugar akwai wata mata sa'ata da muka shaƙu tun zuwanmu. Ƙawa nake ce mata, ita ma Ƙawa take ce mini. Hausarta ras, sai dai in ta ji daɗi ko ta fusata Fulatanci yakan kufce mata. Wata rana a tsakiyar rani na je duba ta saboda ƙafa da ta dame ta. Muna zaune a inuwar bukka ta dama mini fura a ƙaramar ƙwarya. Ina kai ludayin farko baki na tsaya.

Na ce, "Ƙawa, shanun sun dawo ne ban sani ba?"

Ta ce, "Sha dai."

Na ƙara sha. Nono ne na gaske, mai garɗi, ba ƙarnin madarar gari ko kaɗan. Na ce wallahi sai ta gaya mini inda ta samo shi. Sai ta ɗaga haɓa ta nuna mini gindin wata bishiyar kanya.

"Na waccan ce."

Na duba, akuya ce. Saura kaɗan ƙwaryar ta suɓuce mini. Mu a gidanmu ba a taɓa tatsar akuya ba. Akuya ta yanka ce, ko ta sayarwa in hidima ta taso. Tun muna yara muke jin ana cewa nononta wari yake yi. To ga shi na sha, ban ji komai ba sai daɗi. Na zauna ina kallon ƙwaryar, Ƙawa tana ta yi mini dariya har da riƙe ciki. Da na ga dai abin da ya wuce maƙogwaro ya riga ya wuce, sai na shanye sauran, na kuma tashi na je na ƙare wa akuyar kallo.

Ban taɓa ganin irinta kusa da kusa ba. Fara ce sol, doguwa, ƙafafunta kamar sandunan makiyaya, kunnuwanta sun sauko suna lilo. Jikinta ba wani nama, amma hantsarta ta cika tam har tana buɗa ƙafa in za ta yi tafiya. Ƙawa ta ce Buzuwa ake ce wa irinsu, wani ƙanenta ne ya kawo mata daga can arewa.

Ban san yadda na iso gida ba. Na tarar da maigidana a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Kowa Malam yake ce masa, ni ma haka, ko da yake babbar mota ya tuƙa shekara da shekaru, yana kai shanu kudu, kafin ya ajiye ya kama noma. Dama tun kaka yake maganar zai sayi awaki, tunda ga harawa ta cika rumfa, ga ƙowar wake, ga dusa, ba abin da ke ci.

Ko mayafi ban cire ba na ce, "Malam, awakin nan da za ka saya, na san irin da za mu saya."

Ya ce, "Ai ni ma na sani. Jajaye."

Na kwashe labari na gaya masa. Ya ajiye ƙotar, ya dube ni kamar na ce masa zan koma ruga da zama.

"Nonon akuya kika sha?"

"Na sha, kuma gobe ma zan koma in sha."

Daga nan ya fara yi mini karatun jajayen awaki. Ya ce su ne na ƙasar nan, su suka san ruwanmu da ciyawarmu. Ba su da tsayi amma jikinsu a cure yake, ƙashi kaɗan nama da yawa. Haihuwarsu tagwaye, wani lokaci har uku. Mahauta su suke fara tambaya, masu fata ma haka. Ya ce dogayen nan ya sha ganinsu a hanyar arewa, in ka feɗe ɗaya sai ka rantse ƙwarangwal ka saya.

Na ce ni ba feɗe ta zan yi ba.

Mahaifiyarsa, Inna, tare muke zaune. Tana jin mu daga tsakar gida, sai ta ɗaga murya ta ce, "Ku da ba ku da ko jelar akuya kuna ta musu. Kowa ya sayi tasa mana, turke ai ba ya ƙarewa a gidan nan." Maganar da ta raba mu ke nan. Ina da 'yar gyaɗata da na noma, na sa aka sayar, muka sa ranar kasuwar Kibiya.

Daren jajibirin dai na yi barci, amma tun kafin a sallame asuba na gama ɗumame. Ƙawa ta ce ko da rarrafe sai ta raka ni. Da muka isa, Malam ya ce mu tsaya a bakin kara, inda ake cinikin dabbobi, gindin wata dalbejiya, shi zai shiga ya riƙa turo mana dillali da abin da aka samu. Hayaniyar wurin nan har yau tana kunnena: kukan awaki, ihun masu lodi, mai tallan igiya yana ratsawa, warin bunsuraye ya gauraye da hayaƙin tsire. Ko'ina ka duba ja ne, ja mai duhu, ja mai haske, ruwan ƙasa. Na yi ta ɗaga wuya ina neman fara doguwa, ina ɗoki kamar wadda za a kai ɗakin miji.

Dillalin da Malam ya samu mutum ne mai barkwanci. Da ya ji akuyar tatsa muke nema, ya tafi ya dawo rungume da wata 'yar gajeriya baƙa, irin ta kurmi, cikinta na neman taɓa ƙasa.

Ya ce, "Hajiya ga ta. Wannan ba ta ciwo, ba ta tsallake danga, ko kara ka ba ta sai ta yi ƙiba."

Ƙawa ta ce, "To a kwance za a tatse ta?"

Kowa ya yi dariya har shi. Ya mayar da ita ya daɗe, sannan muka hango shi tafe da wani mutum mai rawani, suna janye da dogaye guda uku. Na ji kamar in ruga in tarye su. Ƙawa ta mintsine ni ta ce in kama kaina, in mai kaya ya ga haƙorana a waje ciniki ya lalace.

Ita ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na tsuguna kusa da ita ina kallo. Ta buɗe bakin ta farko, ta ce wannan ta kwana biyu, haƙoran sun cinye. Ta biyu kyakkyawa ce, har na fara sa rai, amma da Ƙawa ta shafa hantsar sai ta kamo hannuna ta ɗora. Akwai wani abu mai tauri a gefe ɗaya kamar ƙwallon goruba. Ta girgiza kai. Ta ukun fara ce da ɗigon ruwan toka a wuya. Idonta garau, hancinta a bushe, ƙarƙashin jelarta tsaf. Hantsar laushi, kan nonon biyu daidai da juna. Ƙawa ta danna gefen cikinta a hankali, ta daɗe tana ji, sannan ta raɗa mini cewa tana zaton akwai ƙaramin ciki. Ita kuwa akuyar, muna cikin wannan, ta miƙa wuya ta kama bakin mayafina ta fara tauna. Na ce a raina ai kuwa mun zaɓi juna.

Malam nasa dubawar daban. Bai ko kalli hantsa ba. Gadon baya yake kamawa ya matsa, ya shafa ƙirji, ya ɗaga akuya sama ya ji nauyinta. Ya fito da mata uku jajaye wur, gashinsu na ƙyalli, da wani matashin bunsuru mai faɗin ƙirji da tafiyar isa. Da aka yi sallama aka haɗa su wuri ɗaya, tawa ta kere nasa da kusan kamu guda. Ya zagaya ta ya ce, "Wannan in aka yi iska sai an ɗaure ta da dutse."

A kurkura, mai ƙafa ukun nan ta ɗaukar kaya, muka dawo, ni da Ƙawa a baya cikin awaki. Duk ƙauyen da muka ratsa sai an tsaya ana nuna farar. Ni kuwa baki har kunne.

Kwananta na farko a gidanmu ta yi ɓarna. Inna tana da zogale a bayan ɗakinta, ta kewaye shi da dangar kara, ba wanda ke tsinka sai da izninta. Dangar ta isa ta tare kowace akuya a Saji, ban da tawa. Ta ɗora ƙafafun gaba a kai, ta miƙa wuyan nan, ta share duk reshen da ta kai. Ina madafa na ji salatin Inna.

"Wannan ai ba akuya ba ce, raƙuma kuka kawo mini gida!"

Na fito na ba da haƙuri, Malam yana zaure yana dariyar da ba ta fita. Tun daga ranar sunan ya bi ta, kowa Raƙuma yake ce mata. Aka ƙara wa dangar tsawo. Ta gano shanyar da nake yi a kan rufin akurki. Na mayar kan katanga, ta gano nan ma. Amma fa duk bazarar nan ita ce sarauniya. Zafin da ke sa jajayen su kwanta suna haki, ita ko a jikinta. In aka sake su, ganyen da ke sama nata ne, 'ya'yan gawo kuwa tun ba su faɗo ba take kai musu ziyara. Kullum da yamma sai na tsuguna na leƙa cikinta, ina ganin yana ƙara fitowa, in je in gaya wa Malam kamar wani sabon labari.

Da ruwa ya zauna sai al'amari ya juya. Ƙasarmu tana riƙe ruwa, wurin turken ya zama caɓi. Jajayen Malam ba abin da ya dame su, ɗanyar ciyawa ta karɓe su, suka yi ɓul-ɓul. Raƙuma kuwa ta fara tsayuwa a takure, bayanta a gantsare, tana ɗaga ƙafa ɗaya ta ajiye ta ɗaga ɗaya. Sai tari, sai majina. Wata safiya na kai mata dusa ta shinshina ta juya kai. Raƙumar da ke cin mayafi! Na zauna a kan turmi na rasa abin da ke mini daɗi. Ƙawa ta zo ta duba, ta ce tata ba ta taɓa yin haka ba, amma rugarsu a kan tudu take, tsakuwa ce, ruwa ba ya kwana.

Na ɗauka Malam zai ce ai dama ya faɗa. Bai ce ba. Ya hau babur ya tafi Rano ya ɗauko malamin dabbobi. Mutumin ya yi mata allura, ya wanke mata kofato, ya ba da maganin tsutsar ciki har da na sauran. Ya ce irin waɗannan 'yan ƙasar yashi ne, laima ce babbar abokiyar gabarsu, in ba a raba ta da caɓin nan ba ko ta warke za ta sake kwantawa.

Yana tafiya Malam ya tsaya yana kallon wurin, hannu a ƙugu. Can ya ce, "Lokacin da muke lodin shanu, katako muke jerawa a ƙasan mota da 'yar tazara, fitsari ya wuce, ƙafarsu ta zauna a bushe. Bari ki gani."

Yinin ranar da washegari bai je gona ba. Ya kafa gwafanni, ya gicciya azara, ya jera gora a kai da tazarar da kashi zai faɗa amma kofato ba zai shige ba. Ya rufa da tsohon kwanon da muka taho da shi daga gari, ya kare gefen da ruwa ke bugowa da zana. Ina miƙa masa ƙusa, yana ta bayani kamar mai gina gidan sama. Da aka gama, Raƙuma da ƙyar aka ɗaga ta aka ɗora. Jajayen kuwa ba wanda ya gayyace su, suka yi tsalle suka haye suka kama wuri.

Sannu a hankali ta dawo. Ranar da na tabbatar ta warke ita ce ranar da na tarar ta cinye gefen zanar da aka kare ta da ita. Na ƙwala wa Malam kira ina murna, ya zo ya ga ɓarnar, ya ce, "Ke kaɗai ce a duniya ake yi wa ta'adi kina guɗa."

Ta haihu wata rana bayan azahar, ana yayyafi. Tun safe na ga ta ƙi kwanciya, tana tona gora da ƙafa, tana waiwayen cikinta. Na kasa komai, tuwon rana ma Inna ce ta ƙarasa. Da abin ya zo bai daɗe ba. Ɗiya ɗaya, mace, fara, ƙafafu zalla. Ta yi ta ƙoƙarin miƙewa tana faɗuwa, uwar tana lasarta, mu uku muna tsaye a cikin yayyafi muna ba ta ƙarfin gwiwa kamar tana jin Hausa. Da ta kama nono Inna ta ce, "Alhamdu lillahi," da ƙarfi, ta manta da zogale.

Na so in fara tatsa washegari. Ƙawa ta hana, ta ce dakashin, wato nonon farko, na 'yar ne, in bar ta ta sha ta yi ƙwari tukuna. Jiran nan ya yi mini tsawo. Da lokaci ya yi ban ma jira Ƙawa ba, na ɗauki kwano na hau. Na kama na ja kamar yadda nake ganin ana yi wa saniya. Raƙuma ta waiwayo ta dube ni, ta sa ƙafa ta yi fatali da kwanon, ta kuma taka mini yatsa. Na sake gwadawa, na samu abin da bai fi cikin ludayi ba, shi ma ta tsoma kofato a ciki.

Da Ƙawa ta zo ta nuna mini, ashe ba ja ake yi ba. Za ka zagaye saman kan nonon da babban yatsa da manuni ka rufe, sannan sauran yatsun su matsa ɗaya bayan ɗaya zuwa ƙasa. A fara wanke hantsar da ruwan ɗumi, a zuba mata dusa a gabanta ta shagala. Ta kama, sai ga nono yana tsartuwa cikin kwano, tsirr, tsirr, kumfa na tashi. Ta ce, "Kosam ke nan, Ƙawa!" wato nono da Fulatanci. Na karɓa na yi, ya fito. Wallahi ihu na yi. Inna ta leƙo ta ɗauka kunama ce.

Sai dai na ranar farko bai yi daɗi ba. Na tace da farin ƙyalle, na dafa, na ɗanɗana, sai na ji wani ɗan bashi-bashi. Na ce ashe gaskiyar mutane ce. Na aika wa Ƙawa, ta dawo ta zagaya wurin, ta tsaya a gaban bunsurun Malam da ke ɗaure a ƙarshen rumfar yana ta fesa wa gemunsa fitsari. Ta toshe hanci ta ce ga mai laifin nan. Muka sa aka mayar da shi can bayan rumbu, na kuma riƙa fito da Raƙuma tsakar gida in tatse ta a nan, in rufe kwanon nan take. Warin ya tafi.

Na dafa na gaba, ya huce, na zuba ɗan tsohon kindirmo a ciki na rufe. Da safe na buɗe, ya kama. Bai yi kaurin na saniya ba, amma fari ne tas, ƙamshinsa mai sanyi. Na kirɓa fura da kaina, na sa citta da kanumfari, na dama. Inna ce ta fara miƙo hannu. Ta sha, ta sake sha, ta ce, "Ƙaro." Daga baya ma cewa ta yi ya fi kwanta mata a ciki.

Malam ya ja aji. Kullum in na dama sai ya ce shi koko ya ishe shi. A lokacin nasa sun fara haihuwa, ta farko tagwaye, ta biyu tagwaye, yana shigowa yana ƙirga mini su da yatsa, yana tambayar nawa Raƙuma ta haifa wai ya manta. Wata rana ya dawo daga noman gyaɗa, rana ta dake shi, ya tarar da ni da Inna kowa da ludayi. Ya zauna a bakin tabarma ya yi ta fifita da hula. Can ya ce, "To a ɗan sam mini in ji abin da ake ta yi wa wannan rawar kai." Ya sha ludayi ɗaya, ya jawo ƙwaryar gabansa gaba ɗaya. Sai da ya kusa gamawa Inna ta ce, "A hankali dai, wari yake."

Abin da ba wanda ya zata shi ne ja ta ukun. Ita ɗa ɗaya ta haifa, kuma hantsarta ta cika har ɗan ba ya iya shanyewa. Ƙawa ta taɓa ce mini jajaye ba su da abin tatsa, kada in wahalar da kaina. Wata safiya da na gama da Raƙuma, hannuna ya riga ya saba, na ce bari in gwada. Bai kai rabin na Raƙuma ba, amma da na dafa ya huce, maiƙon da ya taru a sama ya ba ni mamaki. Kauri gare shi, ga zaƙi. Na haɗa su biyun na bar shi ya kwana, kindirmon da ya fito sai ludayi ya tsaya. Na kai wa Ƙawa ta ɗanɗana, ta riƙe baki, ta yi wata doguwar magana da Fulatanci wadda ban ji ko kalma ɗaya ba. Malam kuwa da ya ji cewa tasa ce ta gyara nonon, sai da ya ba mutanen masallaci labari.

Ta fannin nama gaskiyarsa ta fito, ba zan ɓoye ba. Mazan da jajayen suka haifa aka dandaƙe su suka zama taure. Da babbar 'yarmu ta zo wankan jego aka yanka ɗaya, naman ya cika babbar tukunya, ga taushi, aka yi farfesu aka soya saura, har maƙwabta suka samu. A haihuwa ta biyu Raƙuma ta kawo namiji wanda bunsurun Malam ya ba ta. Ya fito ruwan ƙasa, ya fi jajaye tsayi, ya fi uwarsa cika, damina kuma ba ta dame shi ba. Daga nan muka daina cewa nawa da naka, sai dai in ana tsokana.

Bara kuma Malam ya shigo mini da waya a hannu, yana kirana tun daga zaure. Wani tsohon abokin tuƙinsa ne ya turo masa hoton bidiyo. Na duba na ce wannan ai maraƙi ne. Ya ce bunsuru ne, Bowa ake ce wa irinsu, daga can kudancin Afirka aka kawo kakanninsu, kuma wannan ɗin yana nan kusa, a gonar wani Alhaji a wajen Rurum. Jiki fari, kai ja, wuya kamar turmi. Ya ce an yarda a kai mace a yi barbara.

Na ce, "Malam, ɗan wannan zai fita daga cikin 'yan jajayen nan kuwa? Kada mu je neman nama mu rasa uwa."

Ya yarda maganar tana kan hanya. Muka tambayi malamin dabbobi, ya ce kada a kai ƙarama ko wadda ba ta taɓa haihuwa ba, a zaɓi mai faɗin ƙugu, kuma in haihuwar ta zo a kira shi. Muka zaɓi babbar cikin jajayen, mai tagwayen farko. Na ce ƙafata ƙafarsa, sai na ga abin nan da idona.

Na gan shi kuwa, a gindin duwatsun Rurum, cikin wani shinge na waya. Da ya taso sai da na ja baya. Amma ashe lafiyayye ne, ya zo ya sa kai a hannun Malam yana neman a sosa masa. Mai kula da shi ya ce cinsa ya fi na jajaye uku, kuma ba ya son wahala ko kaɗan, shi ya sa ruwa biyu ya fi dacewa da gida irin namu. Muka bar ta can ta kwana biyu aka dawo mana da ita.

Watannin nan Malam ya fi ni zumuɗi. Shi da ke mini dariya ina leƙen ciki, sai ga shi yana auna nata da igiya. Ranar haihuwar da hantsi ne. Ta ɗan wahala, malamin dabbobi ya zo ya taimaka, ɗa ɗaya ya fito, namiji, jiki fari da ɗan ja-ja, kai ja wur, kunnuwa a kwance. Ƙafarsa ta gaba ta kai kaurin ta ɗan wata guda. Uwar ta miƙe ta hau lasa, lafiya lau. Malam ya fita ba takalmi yana kiran Inna, alhali tana tsaye a bayansa.

Satin nan gidanmu bai rabu da baƙi ba. Har daga Madachi wani dattijo ya zo a kan keke don ya gani. Malam ya kai kujerarsa bakin rumfar, a can yake cin tuwon rana. Dattijon ya daɗe yana kallon ɗan, ya tambaya ko na sayarwa ne in ya girma.

Malam ya ce, "Baba, sai dai ka kawo taka akuyar in lokaci ya yi. Wannan a gidan nan zai tsufa."